Umara Bunu da Rigar da Ke Cikin Gilashi

Cikakken sunansa Umara Fannami Bunu, mutumin Barwa ta kusa da Bosso, manomin tattasai, masunci kuma idan Komadugu, kogin yankin, ta cika. Na san shi a ƙarshen shekara ta 2015, a kasuwar tattasai ta Diffa, lokacin da babu tattasai a cikinta. Hukuma ta hana cinikinsa a wancan zamani, domin an ce ƴan bindigar da ke ɓoye cikin babban tafkin yankin suna cin rabo daga gare shi. Ni sana'ata sayar da buhuna da ɗinke bakinsu idan an cika, saboda haka hanin ya zaunar da ni kamar yadda ya zaunar da manoma. Mukan taru da hantsi a inuwar dogon yaro, babu abin yi sai sauraron rediyo.

Ranar da ya fara zuwa, ya same ni zaune a kan tarin buhunana. Ya tsaya ya dube ni, dogo, da tsagen Barebari a kumatunsa, ya tambayi mutanen wurin ko wane ne wannan Bafillacen da shanunsa suka ƙare ya koma kiwon buhu. Na ce a gaya wa baƙon cewa ubangidansa ne, ya durƙusa ya yi gaisuwa. Tsakaninmu Fulani da Barebari akwai wasan taubasantaka, kowa yana da'awar shi ne ubangijin ɗan'uwansa. Daga ranar ya riƙa kirana Fulata, ni kuma ina ce masa bawana. Hausarsa irin ta mutanen kwarin Komadugu ce, takan karkace a wasu wurare. A wannan rubutu na miƙe masa ita, amma ban ƙara masa kalma ko ɗaya ba.

Yana zaune a wani kango da mai shi bai gama ginawa ba, a gefen gari, shi da matarsa Yakaka da ƴarsu Ummusalma. Ƴaƴansa maza sun watse neman abinci, wani a Agadas, wani a Kano. Ummusalma ce auta, ita ce kuma mace tilo da Allah ya raya musu. Sai da muka saba sosai kafin ya ba ni labarin fitowarsu daga Barwa, kuma na lura duk inda ya fara labarin, wuri ɗaya yake komawa: wata adaka ta ƙarfe da ke ƙarƙashin gadon Yakaka.

A cikin adakar akwai rigar aurenta. A danginsu, amarya tana shiga gidan miji da baƙar riga ta saƙi, wadda aka yi wa aikin allura da zaren alharini daga wuya zuwa ƙirji da kafaɗu. Kowane gida da zayyanarsa. Uwa ce ke ɗinka wa ƴarta, kuma ba daga ka take ɗinkawa ba. Rigarta ta aure take fitarwa, ta ajiye a cinya, ta riƙa kwaikwayo ɗinki bayan ɗinki. Ƴar tana zaune a gefe tana zura mata zare, a nan take koyon riƙon allurar. Aiki ne da mace takan yi sau ɗaya ko sau biyu a rayuwarta, shi ya sa babu mai haddace shi. Zayyanar a jikin riga take zaune, daga riga kuma take ƙaura zuwa riga.

Ranar da suka gudu, Yakaka ta jawo adakar har bakin ƙofa. Umara ya ce ta bar ta, ta ɗauki tukunya da buhun gero. Kwana nawa za a yi a dawo? Ta bar ta. Bayan wani lokaci labari ya iso Diffa cewa an sa wa unguwarsu wuta. Wani da ya saci jiki ya leƙa garin ya ce ya ga adakar, murfinta ya lanƙwashe, cikinta toka.

Yakaka ba ta taɓa yi masa gori a kan wannan ba, kuma a ganina rashin gorin ya fi damunsa.

A shekara ta biyu da zamansu a Diffa, wani saurayi mai suna Abdulmumin, ɗan garinsu ne, yana aikin gyaran famfo da wata ƙungiyar agaji, ya aiko neman auren Ummusalma. Yarinyar tana sonsa, iyaye duka sun yarda. Sai Umara ya ce ya ba shi, amma ba za a ɗaura ba sai an sami riga. Yakaka ta ce a sayi ta kasuwa, ai ƴan gudun hijira kowa haka yake yi yanzu. Ya ce shi ne ya ce a bar adakar, shi ne kuma zai nemo abin da ke cikinta. Ƴarsa ba za ta zama mace ta farko a danginta da ta shiga ɗaki da aikin keken ɗinki ba. Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne idon Yakaka. Yanar ido ta fara rufe mata na hagu, na dama ma ya soma hazo. Idan za ta ɗinka rigar, to sai tun tana ganin kafar allura.

Hanyar da ta rage ta fito ne daga bakin Iya Falmata, ƙanwar mahaifiyar Yakaka, wadda ta raine ta tun tana marainiya, ta kuma ɗinka mata waccan rigar da ta ƙone. Ta yi aure a ƙetaren kogi, a ɓangaren Nijeriya, rikicin ya koro ta zuwa sansanin ƴan gudun hijira na Sayam. Umara ya je ya gaishe ta, daga bayan zana kamar yadda ya saba, domin surukarsa ce, bai taɓa haɗa ido da ita ba. Ta ce hannunta ya riga ya soma rawa, zayyanar kuma ba ta cikin kanta. Amma tata rigar, wadda aka kwaikwayi ta Yakaka daga gare ta, ba ta ƙone ba. A lokacin fari na shekara ta tamanin da huɗu wasu mutane sun zo da mota suna sayen kayan da, suka ce za a ajiye su a gidan gwamnati, inda jama'a ke shiga kallo. Ta ba su rigar, ta ciyar da gida. Ba ta san garin da aka kai ta ba.

Da ya dawo ya tambaye ni wane irin gida ne wannan. Na ce masa gidan tarihi ne, wanda ƴan lakkol, wato ƴan boko, ke kira mize, kuma na ji akwai shi a Damagaram da Yamai da wasu garuruwa. Ya ce an gaya masa kowane kaya a can da ƴar takarda a gabansa mai faɗin asalinsa, shi kuwa ba ya karanta boko. Ni na shiga makarantar manya ina da shekara arba'in da shida, na koyi rubutun Hausa, daga baya na ɗora da Faransanci gwargwadon abin da zai karanta allon hanya da takardar likita. Ya ce to amfanin Fulata ya zo, in shirya.

Sai da aka ɗage hanin tattasai muka sami tafiya. A farkon 2018 wani direban kamyo, wato babbar motar kaya, da ya san Umara tun Barwa ya ba mu wuri a gaba, kusa da shi, zuwa Damagaram. Abdulmumin ya ba surukinsa aron salularsa mai ɗaukar hoto, ya koya masa inda ake dannawa. Hanya duk shingen sojoji, a sauka a nuna katin shaida a hau, ƙamshin tattasai kuma yana sa mu atishawa tun daga Maine har Gure.

Ban manta yadda ya shiga gidan tarihin farko ba. Ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa, ya yi sallama da ƙarfi. Mai gadi ya ce ba sai ya tuɓe ba, ya ce ai ɗakin mutane ne, ko da masu shi sun mutu. Ya bi ɗakunan a hankali, hannuwansa a baya. Akwai ƙore masu zane, da fayafai, da jakunkunan fata masu tuntu, da mundaye da warwaro na azurfa, da tukwanen turare. Ni ina karanta takardun ɗaya bayan ɗaya, shi yana gyaɗa kai. A gaban wasu ƙore ya daɗe. Ya ce na danginka ne, Fulata, dubi yadda suka bushe, rabonsu da nono tun kafin a haifi direbanmu. Na ce ko a haka sun fi gorar masunta kyau. Ya ce kyau kam akwai, amma shi tausayi suke ba shi. Abin da aka yi domin hannu, an hana shi hannu. Riguna mun gani, na maza da na mata, amma babu ta Iya Falmata. Ya ce ko daga nesa zai gane ta, domin shekara talatin yana ganin ƴar'uwarta duk lokacin da Yakaka ta shanya kayan adaka: wani layi ne ja mai kama da ƙayar kifi, yana saukowa daga kafaɗa, ya karya sau biyu kafin ya kai ƙirji.

Muka koma Diffa hannu wofi. Ya yi noman rani a wata gona ta aro a bakin kogi, kusa da gari, inda sojoji suka yarda a yi aiki da rana. Dangin Abdulmumin suka aiko tambaya cikin ladabi, ya ba su haƙuri. Shekara ta zagayo.

A farkon 2019 muka yi doguwar tafiya zuwa Yamai, a cikin wata kamyon tattasai. Gidan tarihin can gari ne guda, har da namun daji. Umara bai tsaya wurin zaki ba, ya ce bai zo gaisuwar sarakuna ba. A ɗakin tufafi an tsayar da gumaka an sa musu kayan kowace ƙabila. Ya sami rigunan Barebari, ya zagaya su, ya ce wannan ta mutanen Gaskeru ce, waccan kuma hannun wajen Gigime ne, amma tasu ba ta nan. Ya fita ya zauna a kan wani dakali. Wani dattijon ma'aikaci da ya ga yadda muka daɗe ya tambaye mu abin da muke nema. Da na yi masa bayani, ya ce kayan da aka tattara a shekarun fari ba duka aka kawo Yamai ba, an rarraba wasu, ya kuma ambaci wani ƙaramin gidan tarihi a wani gari da ke kan hanyarmu ta komawa. Ba zan rubuta sunan garin ba, kada mai karatu ya zaci ina ɗora wa ma'aikatan wurin wani laifi. Ba su yi mana komai ba sai alheri.

Ɗakuna uku ne kacal. A na ƙarshe, cikin wani akwatin gilashi mai kama da teburi, an shimfiɗa baƙar riga, hannuwanta a buɗe. Tun kafin in sunkuya kan takardar na ji Umara ya ja numfashi. Na karanta duk da haka, domin abin da ya kawo ni ke nan: rigar mace, kwarin Komadugu, an samo ta a 1984. Jan layin yana nan, daga kafaɗa, da karyawarsa biyu. Shunin ya ɗan koɗe a wuya, inda gumi ya taɓa.

Mai kula da wurin wata mace ce matsakaiciya, ana ce mata Madam Khadija. Da ta ji labarinmu, ta buɗe tagogi domin haske ya shigo, ta ce ya ɗauki hoto iya son ransa. Ya ɗauka daga sama, daga gefe, kusa da nesa, sa'an nan na karɓa na ƙara masa wasu. Na lura yana ɗauka yana kau da kai, kamar mai satar kallo. Sai matar ta shiga buro, wato ofishinta, ta fito da makulli.

Ta ce, "Baba, tunda daga Diffa kuka taso, bari in fitar da ita in juya maka ita baibai, ka ɗauki cikinta ma."

Umara ya juya fuskarsa ga bango. Ya ce, "A'a, ƴata, rufe. Rigar surukata ce. Wajenta ma da kyar na kalla. Gefen da ya taɓa jikinta kuma, ni in tsaya a kansa da ido? Ko a lahira ba zan iya gaishe ta ba."

Ta dube ni, ko zan sa baki. Ni kuwa a gidan da na tashi, mutum ba ya ko shan ruwa a gaban surukarsa, saboda haka maganarsa daidai ta zauna mini. Na ce mata mun gode, abin da muka samu ya isa. Ta sake tambaya ko mun tabbata, ya ce mun tabbata. Ta mayar da makullin.

A hanyar komawa ban taɓa ganinsa da fara'a irin ta ranar ba. Ya saya wa Yakaka allurai da zaren alharini ja da rawaya a Damagaram, ya saya wa Ummusalma turare. Ya ce idan an zo biki, Fulata zai ci nama har ya manta da shanun da ya rasa. Na ce bawa ba ya gayyatar ubangijinsa, kai masa ake yi har gida.

Muka isa Diffa da la'asar, ya ce lallai in raka shi gida in shaida. Yakaka tana zaune a bakin rumfa tana tsince shinkafa. Ya miƙa mata salular. Ta kai ta dab da idonta na dama, ta daɗe tana kallo, sai ta kira sunan Iya a hankali, ta shafa gilashin da yatsa. Ummusalma ta durƙusa kusa da ita tana tura mata hotunan ɗaya bayan ɗaya. Da suka ƙare, Yakaka ta ce a ci gaba. Yarinyar ta ce shi ke nan.

Yakaka ta ce, "Maigida, ina bayanta?"

Ya ce wane baya, ai ga aikin nan duka, babu inda aka rage.

Ta ajiye salular a kan faifai. Ta ce fuskar riga ta ƴan kallo ce. Mai ɗinki baibai take juya ta, domin a baya ne ake ganin inda zare ya shiga, da inda ya bi ta ƙarƙashi, da yawan zaren saƙin da ya tsallake kafin ya fito, da wanda aka fara da wanda aka rufe da shi. A fuska duk wannan a ɓoye yake. Ta ce shekara talatin yana ganinta tana shanya rigarta, bai taɓa lura da yadda take juya ta ba?

Ya ce bai lura ba. Sa'an nan, da yake mutum ne da ba ya ɓoye gaskiya, ya gaya mata cewa an yi masa tayin juyawa ya ƙi, ya faɗi dalili. Yakaka ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce wa ƴarta ta zo ta ga ubanta, ya ƙetare ƙasa guda ya je ya ji kunyar tsumma. Ta ce Iya da kanta, da tana wurin, ita za ta juya masa. Daga nan dariyar ta tsaya. Ta jawo faifan shinkafarta ta ci gaba da tsinta. Na yi sallama na fita, ba wanda ya raka ni.

Ta gwada duk da haka. Umara ya samo baƙin saƙi wurin wani masaƙi ɗan gudun hijira, ta zauna da salular a cinya, Ummusalma tana zura mata zare. Duk lokacin da na je, nakan tarar ta warware abin da ta yi jiya. Layin yakan fito, amma idan ya zo karyawa sai saƙin ya tattare, kafaɗar ta ƙi kwanciya. Ta ce tana jin hanyar a yatsunta kamar sunan da ke bakin harshe, amma ta ƙi fitowa. An kai wa Iya Falmata hotunan a Sayam, ta gane rigarta ta yi kuka, amma ba ta iya tuna komai ba. Kafin damina ta ƙare Allah ya yi mata rasuwa.

Sai suka yanke shawarar da ya kamata a ce da ita aka fara: idan an kwashe tattasai, Umara zai ɗauki Yakaka da kanta zuwa garin, ta juya rigar da hannunta. Na ce zan rubuta wa Madam Khadija in sanar da ita zuwansu. Amma a ƙarshen wannan damina Komadugu ta yi cikar da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba, ta shanye gonakin bakin kogi, da ta Umara a ciki, tattasai yana fure. Babu kaya, babu kamyo, babu guzuri. Kafin a farfaɗo kuma cutar korona ta zo, aka rufe hanyar Yamai da wuraren taruwa. A tsakanin nan idon dama ya bi na hagu. Likita ya ce ana yin aiki, amma nata ba yana kaɗai ba ce, jijiyar ma ta taɓu.

Ina wurin ranar da ta yanke maganar. Umara yana cewa ai ko ba ido yatsunta za su karanta bayan rigar. Ta ce yatsu za su karanta, amma allura ido take so. Ummusalma kuma ba ta kai ta ɗauki aikin ita kaɗai ba, domin a kan wannan rigar ce ya kamata ta koya. Sa'an nan ta ce, "Maigida, yaron nan ya jira mu shekara huɗu bai ɗaga murya ba. Ƙawayenta duk suna goyo. Ni yanzu inuwa nake gani. Ka bar ni in ga inuwar ƴata tana fita daga gidan nan, tun ina rarrabe ta da ta wani."

Washegari ya aika wa dangin Abdulmumin su sa rana.

An ɗaura auren bayan babbar salla ta 2020. Amarya ta sa riga baƙa da wani tela na kasuwar Diffa ya yi wa aiki da keke, da zare mai walƙiya. Kyakkyawa ce, duk wanda bai san ta da ba, ba zai ce an rasa wani abu ba. Ummusalma ta fita tana kuka irin na amare, amma kowa ya san da farin ciki ta tafi. Yakaka ta shafa wuyan rigar da hannu kafin a fitar da ita, ta sa mata albarka. Umara ya karɓi baƙi, ya yi wa kowa godiya. Da jama'a suka ragu, ya zo ya zauna kusa da ni a kan tabarma, ya tura mini kwanon nama.

Ya ce, "Ci, Fulata, na yi maka alkawari." Bayan ɗan lokaci ya ƙara da cewa, "Wuri ɗaya direban da ya kai mu Yamai ya ba ni bayan nawa. Da na sani, Yakaka zan ɗauka, ba kai ba. A lokacin tana gani."

Na yi dariya kamar yadda wasanmu ya wajabta, na ce ai ko ita da ta fi ka jin daɗin hira da ni. Amma ba wasa yake yi ba, ni ma na sani. A wurinmu tafiya ta maza ce, mace tana gida. Shi bai kawo a ransa ba, ni ban kawo ba, ita ma ba ta nema ba.

Bayan bikin ya rage zuwa kasuwa. Saƙin da Yakaka ta fara, da rabin jan layi a kafaɗa ɗaya, ya naɗe shi ya sa a wata sabuwar adaka da ya saya. Ya sa Abdulmumin ya kai hotunan an wanke su a takarda, ya haɗa a ciki. Ya gaya wa Ummusalma sunan garin da ɗakin da rigar take, da sunan matar da ke riƙe da makulli, ya ce idan Allah ya ba ta ƴa mace, ta je da kanta ta juya. Ta ce to, Baba. Ban san ko za ta je ba, ban kuma san wa zai nuna mata riƙon allurar idan ta je ba.

A shekarar da ta biyo, hukuma ta ce mutanen Barwa su koma garinsu, za a ba su sojoji. Abdulmumin da matarsa suka zauna a Diffa saboda aikinsa. Umara ya ce shi zai koma, ko toka ce ya ga ta gidansa. An jera manyan motoci a bakin gari da safe, ana loda tabarmi da tukwane da awaki. Na same shi ya riga ya ɗora Yakaka a gaba kusa da direba, shi kuma yana ƙasa, rungume da adakar. Yaran mota suna ce masa ya miƙo a ɗaure ta a sama da sauran kaya, ya ƙi. Na kawo masa buhuna sababbi na ce ya cika su da tattasai ya aiko mini, in ga ko bawana ya iya noma har yanzu. Ya karɓa, ya riƙe hannuna ya daɗe. Ya ce, "Malam Hamani, ka yafe mini wahalar hanya." Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba sai ranar. Na ce babu komai tsakaninmu sai alheri. Ya hau da adakarsa a cinya.

Buhunan ba su dawo ba. Da sanyin wannan shekara Abdulmumin ya zo kasuwa ya gaya mini cewa Baba Umara ya yi gajeriyar jinya a Barwa, ya cika. Hanya ba ta da kyau a lokacin, ban sami zuwa jana'iza ba. A gidan ƴarsa na yi ta'aziyya. Yakaka ta dawo wurinsu da zama, da adakar. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Rabona da shi ranar Lahadi ce, 20 ga watan Yuni, 2021.